KALMAR TURANCI TA WANNAN MAKO: COIL

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni filina da na saba, in gaya wa 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta labarin wata 'yar kalma mai baƙaƙe huɗu wadda ta taɓa ba ni kunya a gaban jama'a. Kalmar ita ce coil.

Shekarun baya, ina sabon akawu, motar ofishinmu mai shan fetur ta ƙi tashi. Bakanike ya duba, ya ce kwayil ne ya ƙone. Aka ce in rubuta a aiko da wani. Ni kuwa abin da na riƙe tun daga makaranta shi ne coil naɗin igiya ne ko na waya, don haka na ƙara da kaina, na rubuta a aiko da coil guda na waya. Bayan kwana tara sai ga ƙaton naɗin waya irin ta shinge, mutum biyu na ɗauke da shi. Motar ta ƙara mako biyu a kwance, albashin leburorinmu na ƙauye ya makara, ni kuma na sha faɗa. Gaskiyar masu iya magana, ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

To, jama'a, abin da na gane daga baya shi ne, coil sunan siffa ne. Duk abin da yake dogo, aka naɗe shi zagaye bisa zagaye, ya zama coil, ko da mene ne aka yi shi. Asalinta daga tsohon Faransanci ne, su kuma daga Latin suka samo ta, ma'anarta tarawa wuri ɗaya. Tushensu ɗaya da collect. In matuƙin jirgin ruwa ya naɗe igiyarsa, ya yi coil. In maciji ya yi gammo a gindin itace, Bature zai ce ya yi coil. Mai ginin tukunya da ke murza yumɓu ya yi tsawo, tana ɗora shi zobe bisa zobe, yadda Ladi Kwali ta yi suna da shi, ita ma da wannan kalma ake kiran aikinta.

Shi kuwa kwayil na mota, a cikinsa akwai waya iri biyu naɗe a jikin ƙarfe, mai kauri zagaye kaɗan, siririya zagaye dubbai. Wutar batir awo 12 ce kawai, ba ta isa ta yi tartsatsi ba. Kwayil ne ke ɗaga ta ta haura 10,000, sa'an nan fulogi ya ƙyasta, fetur ya kama. Wani masani na Ingila, Michael Faraday, shi ya gano sirrin wannan a 1831, da ya naɗa waya biyu a jikin zoben ƙarfe, ya ga in an kunna wuta ko an kashe a ɗaya, sai ta motsa a ɗayar.

Maganin sauro da muke kunnawa da dare, shi ma coil ne, kuma naɗin nan ba don ado aka yi shi ba. Wani ɗan kasuwa na Japan, Ueyama, ya fara yinsa miƙaƙƙe kamar tsinke, amma ba ya kai sa'a guda ya cinye. A 1895 matarsa ta ba shi shawara ya naɗe shi, aka fara sayar da shi haka a 1902. Da naɗi aka sami tsawon da zai kai mutum kusan asuba. Haka kuma in likita a Ingila ya ce da mace coil, nufinsa abin nan da ake sa wa cikin mahaifa don tazarar haihuwa. Mai yin tafinta a asibiti ya kula da wannan ƙwarai.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Akwai wata tsohuwar coil dabam, wadda ke nufin hayaniya da rikici. Ita ce Shekisfiya ya sa a wasansa Hamlet, wajen shekarar 1600, inda yake nufin ɗawainiyar duniya da mutum ke rabuwa da ita ran mutuwa. Malamin da ya gaya wa yara igiya ake nufi a nan ya ɓad da su. Recoil kuma, wato ja da baya irin na bindiga in an harba, ba 'yar'uwarta ba ce, tushenta dabam. Kada kuma a gama ta da curl, wadda ita ce ake faɗi ga lanƙwasar gashi. Mutanenmu da yawa suna musanya su a rubutu don sun yi kusa a kunne.

Shawarata ga akawu ita ce, in ka ga coil a takarda, dubi kalmar da ke maƙwabtaka da ita, don ita za ta gaya maka naɗin mene ne. In kai ne mai rubutawa, faɗi na mene ne, da aikin da za a yi da shi. In ka yi shakka, tashi ka je wurin bakanike ko mai sito ka tambaya, ko da bai taɓa shiga aji ba. Da na yi haka ran nan, da taku ashirin sun ishe ni. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ƙara mana sani mai amfani, amin.

Naku,
Akawu.