Ra'ayi: Ɗalibin da bai iya faɗin hujjar abokin hamayyarsa ba, karatunsa da saura

A watan Oktoban 2024 hukumomin Yamai suka cire sunan Janar De Gaulle daga ɗaya daga cikin manyan titunan babban birnin, suka sa na Djibo Bakary. Matasa da dama sun yi murna, hoton sabon allon ya yi ta yawo a WhatsApp daga Damagaram har Abijan da Tiripoli. Mutumin da aka haramta jam'iyyarsa ta Sawaba a 1959, gwamnatin lokacin ta kira mabiyansa 'yan ta'adda, yau shi ne gwarzo, kuma ya cancanci titin. To amma a tari ɗalibin ajin ƙarshe na lise a tambaye shi dalilin da ya sa Diori Hamani da mutanensa suka nemi a jefa ƙuri'ar "e" a 1958. Da wuya amsar ta wuce cewa 'yan koren Faransa ne. Da a 1965 aka yi wa ɗan lakwal irin wannan tambaya a kan Djibo, shi ma da kalma biyu zai gama: ɗan tawaye. An sauya gwarzo, ba a sauya yadda ake karantar da shi ba.

Abin da makarantun Nijar ba su koyarwa, kuma ya kamata su soma, shi ne ɗalibi ya iya tsayawa ya faɗi hujjar wanda bai yarda da shi ba, ya faɗe ta da kyau, har mai ra'ayin in yana wurin ya gyaɗa kai ya ce e, haka nake nufi. Bayan nan sai ya rushe ta in zai iya. Ba a ce ya sauya ra'ayinsa ba, ba a kuma ce kowa na da gaskiya ba. An ce ne ya san abin da yake ƙi kafin ya ƙi shi.

Wani zai ce ina amfanin wannan a ƙasar da yanzu ba jam'iyya ko ɗaya. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka dakatar da harkokin jam'iyyu, a watan Maris na 2025 kuma aka rushe su baki ɗaya, aka tsayar da wa'adin riƙon ƙwarya na shekaru biyar. Sai dai rushe jam'iyya ba ya rushe saɓani. Saɓanin yana nan a fada wajen shan shayi, a gareji, a cikin guruf ɗin 'yan gida ɗaya inda wa na Kano da ƙane na Yamai suka daina gaisawa saboda batun ficewa daga CEDEAO. Wanda ke zaune a Legas ko Kwatano da takardun zama, yana tunanin makomar sana'arsa, da wanda ya sha duhu a Maraɗi lokacin da Najeriya ta yanke wuta a Agustan 2023, ba daga wuri ɗaya suke kallon lamarin ba. Kowanne na da abin da ya gani da idonsa. Amma kalmomin da suka rage a tsakaninsu su ne maci amanar ƙasa da ɗan amshin shatan soja. Kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba. Yaran da ke kolej yau su ne za su yi layin zaɓe duk ranar da aka koma ga akwati, kuma abin da suke koya a yanzu game da mai wani ra'ayi daga waya suke koyon sa.

Wurin da ya fi dacewa a soma shi ne tarihin ƙasar, inda masu rigimar sun riga mu gidan gaskiya, zafin kuma ya ragu. Zaɓen raba gardama na 28 ga Satumban 1958 darasi ne da ya zo a shirye. A raba aji gida biyu, ba bisa son ran ɗalibai ba, da ƙuri'a. Rabin farko su zama 'yan Sawaba. Hujjarsu mai ƙarfi ce: tarayyar da De Gaulle ya kawo ta bar tsaro da hulɗa da ƙasashen waje da kuɗi a hannun Paris, Gana ta samu 'yanci tun 1957, Najeriya na kan hanya, kuma fataken Maraɗi da Damagaram sun fi sanin hanyar Kano da ta Dakar. Me za a jira? Rabi na biyu su zama 'yan RDA, kuma a hana su fakewa da cewa an saye su. Su nemo abin da mutum mai hankali da kishin ƙasa zai iya tsoro a wannan shekara. Ƙasa ce marar teku, ba jami'a, yaran da ke lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba, gyaɗar da ake dogaro da ita Faransa ke saye a farashin da ya ɗara na kasuwar duniya, De Gaulle kuma ya riga ya faɗa a fili cewa duk wanda ya ce "a'a" ya ɗauki nauyin kansa. Abin da ya samu Gine bayan ta ce "a'a", inda Faransa ta kwashe ma'aikatanta da tallafinta cikin 'yan makonni, ya nuna cewa tsoron ba na banza ba ne.

A nan ne aikin malami yake. Akwai abin da ra'ayi ne, akwai abin da ya faru. Cewa Paris ta turo sabon gwamna, Colombani, gab da zaɓen, ya kuma yi amfani da ƙarfin mulki da sarakuna don karya Sawaba, ba ra'ayi ba ne, ya faru, kuma dole ɓangarorin biyu su yi aiki da shi. Haka ma cewa "e" ta samu kusan kashi 78 cikin ɗari a zaɓen da fiye da rabin masu rajista ba su fito ba. Amma malamin ya ci gaba da ɗora musu abin da zai dagula labarin da suka saba. Diorin da ake kira yaron Faransa shi ne ya tsaya bayan gwamnatin tarayyar Najeriya a yaƙin Biyafara alhali Paris na taimakon 'yan aware, shi ne kuma yake ja-in-ja da Faransa kan farashin uraniyom lokacin da sojoji suka kifar da shi a Afrilun 1974. Sawabar da ake yabo ita ce ta shigo da 'yan bindiga a 1964, wani nata kuma ya jefa gurneti a filin idi ranar Sallar layya ta 1965. Gwamnatin da aka kai wa harin ita ce ta harbe 'yan Sawaba a bainar jama'a, ta cika gidajen kaso da mabiyansu. Yaron da ya riƙe waɗannan duka a kansa zai iya fitowa yana nan a bayan Djibo, kuma mai yiwuwa hakan ne zai faru ga yawancin ajin. Bambancin shi ne ba zai ƙara ɗauka cewa kakan abokinsa da ya yi RDA ɗan iska ba ne.

Tazarcen 2009 ya fi kusa, don haka ya fi zafi, amma shi ma ya isa shiga aji: ɗalibin da zai zana BAC bana yana goye ko yana tatata lokacin. Masu goyon bayan Tandja Mamadou sun ce a bar shi ya ƙarasa matatar mai ta Damagaram da madatsar ruwan Kandaji da gada ta biyu ta Yamai, kuma talakawan karkara da yawa da gaske suke son sa. Masu adawa sun ce kundin tsarin mulkin 1999 ya ƙayyade wa'adi biyu, kotun tsarin mulki ta faɗi haka, ya rushe ta, ya rushe majalisa. Aka yi zaɓen raba gardama ranar 4 ga Agusta, sojoji suka shigo ranar 18 ga Fabrairun 2010. Mai ganin tazarce kuskure ne babba, kuma kuskure ne, yana buƙatar ya gane abin da ya sa manomi a Mayahi ko Tanut ya ɗaga hoton Tandja. In bai gane ba, ranar da wani ya sake zuwa da irin wannan tayi zai tsaya yana zagin jama'a da jahilci, jama'ar kuma su bi mai tayin.

Abin takaici shi ne kayan aikin suna nan cikin manhaja. Duk wanda ya yi ajin ƙarshe na lise ya san tsarin rubutun falsafa: a kawo ra'ayi, a kawo kishiyarsa, a haɗa. Amma yadda ake yin sa ya zama hadda. Ana haddace abin da Ruso ya ce da abin da Hobs ya ce, a zuba a takarda, a karɓi maki, ba tare da ɗalibi ya taɓa gwada dabarar a kan wani abu da ke ɓata masa rai ba. Makarantun zaure ma suna da nasu: almajirin da ya yi nisa a fiƙihu ya saba jin malam na cewa a wannan mas'ala akwai ƙauli biyu, ga dalilin kowanne, ga wanda aka rinjayar. Littafin Ibn Rushd, Bidayatul Mujtahid, a kan haka aka gina shi, wato bayyana sababin saɓani kafin hukunci. Ba baƙon abu za a shigo da shi ba.

Jamus ta Yamma ta yi fama da irin wannan matsala a shekarun 1970, lokacin da malaman makaranta na hagu da na dama ke zargin juna da cusa wa yara aƙida. A 1976 masana ilimin siyasa suka haɗu a wani ƙaramin gari mai suna Beutelsbach, abin da ya fito daga taron kuma har yau shi ake bi a makarantun ƙasar. Malami ba shi da izinin danne ɗalibi da ra'ayinsa. Abin da ake gardama a kansa a cikin al'umma, a aji ma a nuna shi a matsayin abin gardama. Ɗalibi kuma a koya masa gane inda maslaharsa take da yadda zai kare ta. Ba a ce malami ya zama marar ra'ayi ba, ba a kuma ce a ba ƙarya kujera ɗaya da gaskiya ba. Ƙasar da ta ga abin da makarantar aƙida ɗaya ta haifar a zamanin Hitila ce ta kai ga wannan.

Akwai masu cewa ƙasa na cikin yaƙi, sojoji na mutuwa a Tillaberi da Diffa, yanzu lokacin haɗa kai ne, zancen ƙasa ne. Wannan magana tana da nauyi, kuma duk wanda ke kiran a fahimci abokin hamayya ya wajaba ya soma da fahimtar ta. Ba wanda ke neman a kafa muhawara a aji kan ko daidai ne a ƙone ƙauye. Amma haɗin kan da aka gina a kan cewa duk mai tambaya maƙiyi ne ba ya jure rana ɗaya ta wahala. An gani a Fabrairun 2021, bayan sanar da sakamakon zagaye na biyu tsakanin Bazoum Mohamed da Mahamane Ousmane, yadda aka ƙone gidaje a Yamai, aka rasa rayuka, aka toshe intanet na kwanaki. Matasan da suka fito da waɗanda suka la'ance su duk 'yan ƙasa ɗaya ne, yawancinsu kuma sun bi ta lakwal iri ɗaya.

Wasu kuma da an taɓo wannan batu sai su ce ai Nijar na da wasan taubasai, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2014. Gaskiya ne, kuma ya kashe wutar rigingimu da yawa tsakanin Bafillace da Ba'are, ko Babarbare da Bafillace. Sai dai aikin wasan shi ne ya kawo dariya a wuce wurin. Ba ya sa mutum ya zauna ya saurari dalilin ɗan'uwansa, kuma ba taubasantaka tsakanin mai goyon bayan AES da mai son a koma CEDEAO, don sau da yawa uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Cikas na gaske yana wajen malamai. Yawancinsu 'yan kwantaragi ne, aji cike maƙil, albashi na zuwa a makare, kuma tun watan Yunin 2024 aka mayar da hukuncin ɗauri cikin dokar laifukan intanet ga wanda ya yaɗa abin da aka ga zai iya ta da hankalin jama'a. Mushen da ya sa ɗalibi ya kare ra'ayin RDA ko na masu adawa da wani mataki na gwamnati ya san cewa waya ɗaya a bayan aji ta isa a yanko minti guda na maganarsa a watsa, washegari a kira shi. Ba wanda zai ɗauki wannan kasada don albashin kwantaragi. Saboda haka ba daga malami za a soma ba, daga ma'aikatar ilimi ne. Ita ce za ta fitar da takarda a rubuce da ke cewa irin wannan darasi na cikin manhaja, ta zayyana batutuwan tarihi da za a soma da su, ta hana ɗaukar murya ko hoto a lokacinsa, ta kuma umarci sufetoci su tsaya wa malamin da aka kai ƙara a kansa. Ƙungiyar ɗalibai ta USN, wadda 'ya'yanta uku suka faɗi a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990 a gwagwarmayar da ta buɗe hanyar taron ƙasa na 1991, tana da hurumin da za ta nemi wannan, ta kuma gwada shi a tarukanta, inda mai ra'ayin tsiraru kan sha ihu kafin ya kai ƙarshen jimlarsa.

Sai kuma jarrabawa, don ɗalibi ba ya ɗaukar abin da ba maki a kansa da muhimmanci. A takardar tarihi ta BEPC da ta BAC a riƙa sa tambaya guda da ke neman a bayyana matsayin ɓangarori biyu na wata rigimar siyasar ƙasar, a raba makin daidai tsakaninsu. Wanda ya rubuta shafi biyu a kan Sawaba ya ba RDA layi ɗaya na zagi, rabin maki zai samu, haka ma wanda ya yi akasin haka.