Kada Mu Yi Kuɗin Goro a Kan Maganar Yahudawa

 Ina so in yi magana bisa wani abu wanda ya yi yawa a bakinmu tun da yaƙin Gaza ya tashi cikin watan Oktoba na 2023. Abin da ya sami mutanen Gaza ya isa ya sa kowane mai imani hawaye, gama an kashe dubban mutane ba iyaka, da yawansu mata ne da ƙananan yara. Amma a rumfunan kasuwa da tashar mota da ƙofar masallaci, in rai ya ɓaci sai ka ji an ce Yahudawa kurum, a haɗa tsoho da jariri, a haɗa soja da mai toya gurasa, a yi musu kuɗin goro. Ni a ganina wannan kuɗin goro bai dace da addininmu ba, kuma ya taɓa jawo wa Falasɗinawa hasara mai girma. Don ku ga haka, bari mu ɗauki tsoho guda daga cikin irin tsofaffin da ke zaune a Isra'ila, mu bi sawunsa tun daga haihuwa. Irinsa suna da yawa, gama kusan rabin Yahudawan ƙasar asalinsu daga ƙasashen Musulmi ne.

A ce an haife shi a Bagadaza wajen 1938. Kakanninsa suna ƙasar Iraƙi tun zamanin Bukhtanasar, watau kimanin shekara 2,500, tun kafin Musulunci ya isa can. A wajen 1917 fiye da sulusin mutanen birnin Bagadaza Yahudawa ne. Akwai attajirai cikinsu, da masu canjin kuɗi, da maƙera, da dillalai, da talakawa masu ɗaukar kaya. Wani daga cikinsu mai suna Sasson Haskel shi ne ministan kuɗi na farko a ƙasar. Da Larabci uwar yaron nan ta yi masa renon goye, da Larabci ubansa yake ciniki. An yi masa kaciya ran da ya kwana 8. Gidansu ba a cin alade, ba a cin mushe, sai abin da mahaucinsu ya yanka. Suna ibada sau 3 a rana, suna da azumi, ran Asabar kuwa ba sa ciniki, ba sa hura wuta. Maƙwabtansu Musulmi sun san duk wannan kamar yadda maƙwabtanmu a nan suka san lokacin azuminmu da Sallarmu.

Yana da shekara 3 masifa ta fara. A ranakun 1 da 2 ga watan Yuni na 1941, lokacin da gwamnati ta faɗi, gari ba shi da mai tsaro, 'yan iska suka far wa unguwannin Yahudawa, suka kashe kimanin mutum 180, suka washe kantuna da gidaje. Gaskiya ce kuma Musulmi da yawa sun ɓoye maƙwabtansu a ɗakunansu har ƙura ta lafa, Allah ya saka musu. Sa'an nan 1948 ta zo, aka kafa Isra'ila, yaƙi ya tashi a Falasɗinu. Hukumar Iraƙi ta huce haushinta a kan Yahudawan gida. Aka sallame su daga aikin gwamnati, aka ƙuntata wa 'yan kasuwarsu, aka rataye wani babban attajirinsu, Shafik Adas, a ƙofar gidansa a Basra. Cikin Maris na 1950 aka yi doka cewa duk Bayahuden da yake son fita ya fita, amma ya ajiye takardarsa ta ɗan ƙasa har abada. Bayan shekara guda aka ƙara wata doka, aka riƙe dukiyar waɗanda suka rubuta sunansu. Wakilan Isra'ila su ma ba su zauna ba, suna shiga gida gida suna kwaɗaita wa mutane tafiya, suna shirya jiragen sama. Tsakanin 1950 da 1951 kimanin mutum 120,000 suka fita, babba ba ya wuce da fiye da dinari 50 da ɗan akwatinsa. Yau Yahudawan da suka rage a Iraƙi ba su kai 10 ba. Daga Yaman an kwashe kimanin 49,000 a 1949 da 1950. Maroko tana da wajen 250,000, su ma suka yi ta fita kaɗan kaɗan har saura 'yan dubbai.

To, yaron nan ya sauka a Isra'ila yana da shekara 13. Kuna tsammani an shimfiɗa masa tabarmar girma? Masu mulkin ƙasar a lokacin Yahudawan Turai ne, 'yan Polan da Rasha da Jamus, waɗanda su ma suna ɗauke da nasu ciwon, gama Hitila ya hallaka musu mutum miliyan 6. Amma sun dubi waɗannan baƙi a kan ƙauyawa ne marasa wayewa. Wasu an fesa musu maganin ƙwari suna sauka daga jirgi. Aka zuba su a sansanin tantuna da bukkokin kwano, wasu shekara da shekaru. Mutumin da yake da kanti a Bagadaza ya koma haƙar rami da tsinkar lemo. A makaranta aka sake wa yara da yawa suna, aka koya musu Ibrananci, Larabci kuwa ya zama harshen abokin gaba, har yaro ya riƙa jin kunya in uwarsa ta yi masa magana a cikin mota. Wasu 'yan'uwa biyu, Salihu da Dauda al-Kuwaiti, waɗanda kiɗansu ya cika rediyon Bagadaza, sun ƙare da sayar da kayan girki a wani ɗan kanti a Tel Abib. Wani marubuci, Samir Naƙƙash, ya ƙi sakin Larabci, ya yi ta rubutu da shi har ya mutu a 2004, masu karanta shi 'yan kaɗan.

Abin da ya fi ba ni tausayi da mamaki shi ne gidajen da aka zaunar da wasunsu. Unguwar Wadi Salib a Haifa da unguwar Musrara a Ƙudus gidajen Larabawa ne waɗanda yaƙin 1948 ya fitar. A cikinsu aka zuba talakawan Yahudawan Maroko. Watau an ɗauki wanda ya rasa gidansa an sa shi a ɗakin wani wanda ya rasa nasa.

Daga nan siyasar tsohon nan ta fito. A 1959 mutanen Wadi Salib suka yi bore saboda wulakanci. A 1971 samarin Musrara suka tashi da zanga-zanga a kan talauci da wariya. A zaɓen 1977 irin waɗannan mutane suka juya wa jam'iyyar da ta zuba su a tantuna baya, suka taimaka wa Menahem Begin da jam'iyyar Likud suka hau mulki. A 1984 aka kafa jam'iyyar Shas ƙarƙashin babban malaminsu Obadiya Yusuf, shi ma haifaffen Bagadaza. Da yawa cikinsu suna da zafi a kan Larabawa, gama wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. In ka ce masa a yi sulhu, sai ya tuna 1941 da kantin ubansa. Amma ba a taru an zama ɗaya ba. Sami Mikha'il, wanda aka haifa a Bagadaza a 1926, ya yi aiki a jaridar Larabci a Haifa, ya shugabanci ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta ƙasar fiye da shekara 20, yana faɗa da zaluncin da ake yi wa Falasɗinawa har ya mutu a 2024.

Yanzu tsohon ya haura shekara 85. Daren Asabar 'ya'ya da jikoki suna taruwa a gidansa, a ci tuwon gargajiyarsu irin na Bagadaza. A shekarun 1970 da 1980 ba ya barin sinimar Masar da talabijin ke nunawa ran Juma'a ta wuce shi, har yau kuma in ya ji muryar Ummu Kulsum sai ya yi shiru. Jikokinsa ba sa jin Larabci, ban da 'yan kalmomin da wasu suka koya a bariki, gama mafi yawansu da sun cika shekara 18 sai aikin soja, mace da namiji. Kakan ya yi wasa da 'ya'yan Musulmi a lungu ɗaya, jikan ya san su ne a bakin shingen bincike, yana riƙe da bindiga. Ɗaiɗaiku ne suke waiwaye, kamar jikan Dauda al-Kuwaiti, Dudu Tassa, wanda ya tono waƙoƙin kakansa a 2011 yana rera su da Larabci.

Kada wani ya ce na manta da ɗaya tsohon. A sansanonin gudun hijira na Gaza da Labanan da Urdun akwai sa'ansa, wanda aka fitar daga Yafa ko Lidda a 1948 tare da kimanin mutum 700,000, aka rushe ƙauyukansu fiye da 400, aka hana su komawa. Wasu har yau mabuɗin ƙofar gidan yana wurin jikokinsu. Shi bai kori kowa daga Bagadaza ba, saboda haka ba shi zai biya bashin Bagadaza ba. Wanda aka zalunta jiya ba a ba shi izinin zaluntar wani yau. Ɗan Bagadaza ya sami ƙasa da takarda da ƙuri'a, ɗan Yafa kuwa har yanzu yana jira.

Amma ku 'yan kasuwa, ku yi lissafi da ni. Lokacin da aka kafa Isra'ila Yahudawanta kimanin 650,000 ne. Kafin ƙarshen 1951 sun ninka, kuma kusan rabin sababbin zuwan daga ƙasashen Musulmi suka fito. Hukumomin da suka ce kowane Bayahude abokin gaba ne, su suka cika wa Isra'ila gonakinta da ma'aikata, da barikinta da sojoji. Sun ce suna yi don Falasɗinu, alhali kuwa ko ƙauye guda bai koma hannun masu shi ba saboda wannan aiki. Ribar kuɗin goro ke nan.

Mu mutanen zango bai kamata a koya mana wannan karatu ba. Cikin Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako 2 su bar Gana. Dattawanmu sun ga mutanen da aka haifa a Kumasi da Salaga suna karyar da kayansu a araha, suna hawa motocin kaya zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. A 1983 Nijeriya ta rama, ta kori 'yan Gana kusan miliyan guda. Mun san yadda ake kwana ɗan gari a tashi baƙo saboda laifin da ba kai ka yi ba.

Alƙur'ani mai girma, cikin Suratul Ma'ida aya ta 8, ya hana mu barin ƙiyayyar wasu mutane ta fitar da mu daga adalci. Cikin Ali Imrana aya ta 113 an sanar da mu cewa ma'abota Littafi ba duka suke daidai ba. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar wani Bayahude, kuma ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'irin da ya karɓa don iyalinsa. Shi ne kuma ya yaƙi waɗanda suka warware alkawari a Madina. Ya bambanta mai laifi da mara laifi, mu wane ne da za mu haɗa su?

Saboda haka ina roƙonku abu 3. Na farko, in za mu yi tir, mu kama sunan wanda ya yi: gwamnati, da sojojinta, da masu ƙwace gonaki. Na biyu, mu daina mai da kalmar Bayahude zagi a kasuwa, mu kira ɗan'uwanmu da ita don ya tsawwala kuɗin kaya, gama yaranmu suna ji suna ɗauka. Na uku, kada mu yaɗa labarin da ba mu tabbatar ba a wayoyinmu. Gaskiyar abin da ya sami Falasɗinawa ta isa hujja, ƙarya kuwa raminta ƙurarre ne, in an kama mu da guda sai a ƙaryata mu a kan goma. Wanda yake da hali ya ba da taimako ta hannun amintattu, wanda ba shi da hali ya yi addu'a.

Allah ya kawo wa mutanen Falasɗinu sauƙi, ya mai da kowane korarre gidansa, ya tsare harsunanmu daga zalunci, amin. Wassalam.

Magatakardan Liman