Sharhi: Mutum biyu a takarda, takwas a falo: matsalar masu gidajen hayar kwana a Abuja

Gidajen hayar kwana, waɗanda ake kira shot-let, sun zama hanyar ƙarin kuɗin shiga ga mazauna Abuja da dama, daga Maitama da Wuse 2 zuwa Jabi da Gwarinpa. Ƙorafin da ke yawo a tsakanin masu wannan harka kusan iri ɗaya ne: mutum ya kama gida da sunan shi da matarsa, gari na wayewa maigadi ya ga takalma sun cika bakin ƙofa.

Abin da ya fi saurin zuwa zuciyar mai gida shi ne asara, kuma tana da tushe. Tun da hukumar NERC ta ɗaga farashin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane kilowat a Afrilun 2024, kowace na'urar sanyaya ɗaki da ta kwana a kunne ragi ce daga riba. Ga dizal na janareto, ga ruwa, ga wankin zannuwan gado. Sai dai asarar kuɗi ita ce mai sauƙi a cikin lamarin. Babbar matsalar ita ce mai gida bai san waɗanda suka kwana a gidansa ba, alhali shi za a fara nema idan wani abu ya faru. Kisan Usifo Ataga, shugaban Super TV, wanda aka tsinci gawarsa a irin wannan gida a Lekki da ke Legas a Yunin 2021, ya nuna yadda tambayar wa ya shiga, wa ya fita kan koma tambayar 'yan sanda da kotu.

Kamfanin Airbnb ya koyi darasin da jini. A daren bikin Halloween na 2019 an harbe mutum biyar a wani shagali da aka shirya a gidan haya a Orinda, jihar Kalifoniya ta Amurka. A Agustan 2020 kamfanin ya haramta shagulgula a gidajen da ke dandalinsa na wucin gadi, ya mayar da haramcin na dindindin a Yunin 2022. Mai gidan da ke kan dandalin yana iya ƙayyade yawan baƙi, ya sanya kuɗin kowane ƙarin mutum, ya kuma nemi diyyar ɓarna cikin kwana 14 bayan fitar baƙo. Amma ciniki da yawa a Abuja ba ya bi ta can. Ta WhatsApp da Instagram ake ƙulla shi, ko ta hannun dillali, kuma duk garkuwar mai gida ita ce kuɗin ajiyar ɓarna da ya karɓa. Idan ba a rubuta yawan masu kwana kafin a biya ba, riƙe wannan kuɗi daga baya rigima kawai yake haifarwa.

Akwai kuma al'ada, wadda ba za a yi watsi da ita ba. Mutumin da ya zo daga Kano ko Sakkwato don ɗaurin aure ko ganin wani babba a ma'aikatar tarayya, dole 'yan'uwa su zo gaishe shi. Direbansa na buƙatar wurin kwana, ƙaninsa da ke Kubwa zai iya makara har dare ya yi. A wurinsa wannan ba yaudara ba ce, domin an ce baƙonka annabinka. Ƙa'idar da ta hana kowa leƙowa ba za ta yi aiki a nan ba, kuma za ta kori masu haya nagari. Wadda ke aiki ita ce mai raba mai ziyara da mai kwana: a rubuta lokacin da masu ziyara za su bar gidan, a rubuta adadin da gidan ke ɗauka, a rubuta kuɗin ƙarin mutum, sannan duk wanda zai kwana ya ba da sunansa da katin shaidarsa.

Idan an riga an karya ƙa'ida, matakin farko saƙo ne a rubuce, cikin ladabi, mai ɗauke da abin da aka gani da zaɓi biyu: a yi wa ƙarin mutanen rajista a biya, ko su tafi. Yawancin masu haya kan biya don kada su ji kunya. Abin da ke ɓata lamari shi ne fushi: kashe wuta, kulle ƙofa da kayan mutane a ciki, ko turo matasa. A nan mai gaskiya kan koma wanda ake ƙara a ofishin 'yan sanda. Inda taron ya zama shagali ko ya fara barazana ga maƙwabta, aikin jami'an tsaron rukunin gidajen ne da 'yan sanda.

Neman hujja ma yana da iyaka. Airbnb ya haramta kyamarar tsaro a cikin gida gaba ɗaya daga 30 ga Afrilun 2024. Ta waje kawai ya bari, da sharaɗin a sanar da baƙo. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta ɗora nauyi kan mai tara bayanan mutane, don haka hoton katin NIN ɗin baƙo da ke zaune a wayar maigadi wani alhaki ne na daban.

Ga ma'aikatan tarayya akwai ƙarin sarƙaƙiya. Jadawali na Biyar na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci shiga gudanar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Wannan ne ke sa wasu miƙa ragamar gidan ga dillali ko kamfanin kula da gidaje, su koma jiran kuɗi a ƙarshen wata. Sakamakon shi ne mutumin da ke ƙirga masu shiga da fita maigadi ne mai ɗan ƙaramin albashi, wanda baƙo ke iya saye da ihsanin cefane. Yarjejeniyar da mai gida ya ƙulla da mai kula da gidan ya kamata ta fayyace wa ke riƙe littafin rajista, wa ke duba shi kowace safiya, kuma wa zai amsa tambaya ranar da aka samu sunaye biyu a littafi, mutum takwas a falo.