Wutar lantarki daga cikowar teku: inda dabarar ke ci, da abin da ya shafe mu a ciki

Duk shekara idan bazara ta kama, wuta ta shiga ɗaukewa a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, maganar sabbin hanyoyin samun lantarki kan dawo bakin jama'a. Ɗaya daga cikin waɗanda ake yawan yaɗa hotunansu a Facebook da WhatsApp ita ce wutar da ake samu daga cikowa da janyewar teku. Ƴan uwa da ke zaune Kwatano, Lome, Akara ko Legas suna ganin teku kullum, kuma tambayar da ke zuwa a rai ita ce: tunda ga ruwan nan har iya ganin ido, me ya hana ƙasashen gaɓar su ciro wuta daga gare shi, su sha, har su sayar mana?

Bari mu fara da yadda abin yake. A galibin gaɓoɓin duniya, teku na cikowa sau biyu ya janye sau biyu a kowane yini. Wata ne babban mai jan ruwan, rana kuma na taimaka masa. Tsakanin cikowa ɗaya da ta gaba akwai wajen awa 12 da minti 25, shi ya sa lokacin ke gusawa da kamar minti 50 kowace rana. A kwanakin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, wata da rana kan yi layi ɗaya da duniya, sai cikowar ta fi ƙarfi. Watan nan dai da muke dubawa don azumi da salla, shi ne ke tsara wa teku lokacinsa.

A nan darajar wannan wuta take. Iska na iya kwantawa ba sallama, hadari ko ƙurar hunturu na iya rufe rana, amma cikowar teku ana iya lissafa sa'arta shekaru kafin ta zo. Injiniya ya san tun yau ƙarfe nawa injinsa zai juya a rana kaza ta baɗi. Ba a sayen gazuwal, ba a ƙona gawayi, babu hayaƙi.

Babban misali yana yankin Biritaniya na ƙasar Faransa, a bakin kogin Rance, tsakanin garuruwan Saint-Malo da Dinard. Tun zamanin da, mutanen yankin na tare ruwan cikowa su juya dutsen niƙa da shi. A watan Nuwamba na 1966 shugaba Charles de Gaulle ya buɗe tashar lantarki a wurin: madatsa mai tsawon mita 750, da injuna 24 masu farfela a cikinta, ƙarfinsu gaba ɗaya megawat 240. Idan teku ya ciko, ruwa ya shiga bayan madatsar, sai a rufe ƙofofi. Idan ya janye, sai a saki ruwan ta cikin injunan, su juya, wuta ta samu. Fiye da rabin ƙarni ke nan tashar na aiki, tana ba da wajen kilowat-awa miliyan 500 a shekara.

Shekara 45 tana riƙe da kambun girma a duniya, sai a 2011 Koriya ta Kudu ta buɗe tashar tafkin Sihwa mai megawat 254. Can ma akwai labari. An gina katangar tekun tun 1994 don a samu ruwan daɗi da filayen noma, amma ruwan da aka tare ya gurɓace. Da aka sa injunan, ruwan teku ya riƙa shiga yana fita, tafkin ya samu sauƙi, wuta kuma ta samu. Wato katangar na nan tun farko, abin da ya rage musu tsadar aikin sosai.

To, in dabarar ta yi kyau haka, me ya sa manyan tashoshin irinta ba su wuce a ƙirga da yatsu ba?

Dalili na farko shi ne wuri. Abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin cikowa da janyewa. A bakin Rance tazarar kan kai mita 8 a matsakaici, wani lokaci ta haura 13. A mashigin Fundi na ƙasar Kanada tana kaiwa mita 16, mafi girma a duniya. A gaɓar Kwatano, Lome da Legas kuwa, daga mita ɗaya ne zuwa biyu. Kuma lissafin ba ya da tausayi: idan tazarar ta ragu da rabi, wutar da za a samu daga fili ɗaya na komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Ruwan da ɗan uwanmu ke gani yana dukan gaɓa a Lome igiya ce da iska ke korowa, wani abu ne daban da cikowar da ake magana.

Na biyu, kuɗi. Gina madatsa a cikin ruwan gishiri aiki ne mai cin dukiya tun kafin a kunna ƙwan fitila ɗaya. A 2018 gwamnatin Birtaniya, duk da arzikinta, ta ƙi amincewa da aikin da aka tsara a mashigin Swansea, mai megawat 320, wanda aka ƙiyasta zai ci fam biliyan 1.3. Hujjarta ita ce wutar iska da ta nukiliya sun fi shi araha.

Na uku, wutar ba ta zuwa a kowane lokaci. Tashar Rance, idan aka raba abin da take bayarwa a shekara, bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na cikakken ƙarfinta ba. Kuma tunda lokacin na gusawa kullum, wata rana wutar ta zo da magariba lokacin da kowa ke bukata, wata rana ta zo tsakar dare mutane na barci. Dole sai da wasu tashoshi a gefe masu cike giɓin.

Na huɗu, muhalli. Mazauna bakin Rance sun daɗe suna kukan laka da ke taruwa a bayan madatsar. A Kanada, tashar Annapolis mai megawat 20 da aka buɗe a 1984 ta daina aiki a 2019, bayan lalacewar inji da kuma damuwa kan kifin da farfela ke kashewa. Masunta su ne na farko da ke ji a jikinsu.

Saboda haka yanzu hankalin masu bincike ya koma ga wata hanya da ba ta bukatar madatsa: a dasa farfela a ƙasan teku, inda ruwa ke gudu da ƙarfi tsakanin tsibirai. Ruwa ya fi iska nauyi wajen sau 800, don haka ƙaramar farfela na iya yin aikin babba. A arewacin Sikotilan, aikin MeyGen na da injuna huɗu, kowane megawat ɗaya da rabi. Ci gaba ne, amma megawat 6 ne duka. Tashar hasken rana ta Gorou Banda kusa da Yamai, da aka buɗe a watan Yuli na 2023, megawat 30 ce, ninki biyar ke nan a ƙarfin da aka girka.

Mu a Nijar ba mu da teku, amma maganar ta shafe mu ta hanyar waya. Kafin 2023, wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin Nijelek ke rabawa daga Najeriya take zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da na Katsina zuwa Gazawa mai ciyar da Maraɗi da Damagaram. Da aka katse ta a watan Agusta na 2023, har zuwa Maris na 2024, mai walda, mai niƙa, mai sayar da ƙanƙara da majinyaci a asibiti duk sun ɗanɗana. Duk abin da maƙwabta na gaɓa suka ƙara a wutarsu na iya isowa gare mu, sai dai bisa tazarar ruwan da ke gaɓarsu, kada a sa rai cewa daga cikowar teku zai fito nan kusa.

Abin ɗauka daga Rance da Sihwa shi ne kowannensu ya auna abin da Allah ya ajiye masa a ƙofar gida, ya gina a kansa, ya kuma ci gaba da kula da injin shekara da shekaru. Abin da ke ƙofar gidanmu rana ce, da kogin Kwara inda ake jiran madatsar Kandaji mai megawat 130. Rana ma lokacinta sananne ne, kuma matsalarta irin ta teku ce: tana tafiya a daidai sa'ar da gida ke son fitila da fanka. Don haka duk wanda ya zo wa ƙauye da aikin sola, ko ɗan uwa da ke waje zai aiko da kuɗin pano, a tambaya tun farko: batir nawa ne, shekara nawa zai yi, kuma wa zai gyara idan ya lalace?