Su Wa Suka Shigo Gidan?

 

Makon jiya ina gyaran durowa na ci karo da wani tsohon littafin rubutu, irin na 'yan makaranta. Shi na riƙe a watannin Afrilu da Mayu na 2020, lokacin da aka ɗauko wasunmu daga ɗakin jinya aka haɗa mu da masu bin diddigin cutar korona. Sunaye ne a ciki, da lambobin waya, da unguwanni: Yakasai, Mandawari, Koki, Zage. Gaban wasu sunayen na yi alamar an same su. Gaban wasu na rubuta "waya a kashe". Na biyun sun fi yawa.

Kin tuna yadda abin ya zo. Ranar 27 ga Fabrairu aka samu mutum na farko a Legas, wani ɗan Italiya, mu kuma a nan muka ce ciwon masu hawa jirgi ne. Ranar 11 ga Afrilu aka sanar da na farko a Kano. Kwana biyar bayan nan gwamnatin Ganduje ta saka dokar kulle, ranar 27 ga wata kuma Shugaba Buhari ya ƙara mana mako biyu, muna cikin makon farko na azumi.

A takarda aikinmu ba wuya. Idan gwaji ya nuna mutum yana da cutar, sai a tambaye shi da wa da wa ya yi cuɗanya tun kwana biyu kafin ya fara jin jikinsa. A rubuta su, a riƙa kiransu kullum har kwana 14. Wanda ya fara zazzaɓi ko tari, a je a ɗauki samfurinsa. To amma wanda ya tsara takardar nan bai taɓa shiga gida a cikin badala ba. Soro ɗaya, ɗakuna goma, ga Hajiya Babba, ga 'ya'yanta da matansu, ga jikoki. Randa ɗaya, buta ɗaya, banɗaki ɗaya. Ga almajirin da ke ɗebo ruwa, ga yaran maƙwabta da ke shigowa sayen awara, ga mai kitso. Layi nawa za ki ja?

Akwai gidan da ba na mantawa. Dattijon gidan ya kwanta kwana shida, numfashi yana sarƙe masa, ya rasu, ɗaya daga cikin 'ya'yansa kuma gwaji ya nuna yana ɗauke da cutar. Na kira babban ɗan, ya ce, "Sista, ba wanda ya zo, mu kaɗai ne." Washegari muka je tare da mai unguwa. Maza suka tsaya a soro, ni na shiga ciki. Wata matashiyar matar ɗa ta ja ni bayan labule, ta fara lissafi da yatsu: ranar Talata ƙannen Baba biyu sun zo dubiya, Laraba malamin da ya yi tofi, Alhamis wanzami, sannan matan da suka kwana uku a zaman makoki, ɗaya ma ta taho da jaririnta. Ta san kowa da ranarsa, domin ita ta zuba musu abinci, ita ta wanke kwanukan. Cikin 'yan mintoci na cika shafi biyu.

Tun daga ranar na daina tsayawa a soro. Waya tana hannun maigida, amma lissafin masu shiga da fita yana wajenki.

Wani abin kuma ya fi ƙarfin littafina. A ƙarshen Afrilu ɗakin gwajin da ke Asibitin Malam Aminu Kano ya tsaya na wasu kwanaki, ga shi kuwa shi muka dogara da shi. Idan babu gwaji, babu sabon adadi, sai alƙaluman da ake karantawa a rediyo suka yi kamar an samu sauƙi. Masu haƙa kabari a Ɗandolo da maƙabartar Abbatuwa su suka fara cewa a'a, aikinsu ya ninka. Ba su da kwamfuta, amma sun san kabari nawa suke haƙawa a rana a da, sun san nawa suke haƙawa yanzu.

Gwamnatin tarayya ta turo ayari ƙarƙashin Dakta Nasiru Sani Gwarzo. Da yake mu ba ma ajiye gawa, hanyar da ta rage ita ce a bi iyalai a tambaye su yadda ciwon ya fara da yadda ya ƙare. A watan Yuni Ministan Lafiya, Dakta Osagie Ehanire, ya faɗi sakamakon: mutum 979 aka ƙirga sun rasu a ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce ta jawo ko ta taimaka. Yawancinsu sun haura shekara 65, fiye da rabi kuma a gida suka cika.

Sauran fa? Wannan ne ke ci mini rai har yau. Mai hawan jini da maganinsa ya ƙare ba abin hawa. Mai ciwon suga da ya je asibitin kuɗi ya tarar da ƙofa a rufe, ma'aikata suna tsoro don ba su da kayan kariya. Zafin Afrilu, ga azumi. Su ma iyayenmu ne.

Ban zarge ki ba idan kina cikin waɗanda suka kashe waya. An ji tsoron a ɗauke mutum a kai shi Kwanar Dawaki ko filin wasa na Sani Abacha a killace shi ba mai kai masa kunu. An ji tsoron a hana dangi wanka da sallar gawa. Mai sayar da ƙosai ta san idan aka ce "gidan masu korona ne", kaskonta ya huta. Kano kuma ba ta manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara lokacin sanƙarau na 1996 ba, abin da ya ƙara wa ƙauracewar rigakafin shan inna ta 2003 ƙarfi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai ɓoyewar ba ta kare kowa ba. Wanda aka ɓoye sunansa shi ne ya koma gidansa ya zauna tabarma ɗaya da tsohuwarsa.

Me ya sa na tono wannan yanzu, bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin korona tun ranar 5 ga Mayun 2023? Saboda tambayar ba ta tafi ba, ciwon ne kawai ya sauya suna. A watannin kulle na ga bencin rigakafi ya koma fayau, kuma yara da yawa ba su dawo sun ƙarasa allurarsu ba. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, akasarinsu yaran da ba a yi wa allura ba ko ba a kammala musu ba. Wannan karon ba kakanni ba ne, 'ya'yanmu ne.

Shi mashaƙo, idan kin faɗi sunayen, akwai abin da za a yi nan take: a ba waɗanda suka kusanci yaron maganin ƙwayoyin cuta, a yi wa marasa allura allura. Don haka idan yaro ya tashi da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, wuyansa ya kumbura, ko kika hango wani abu toka-toka ya lulluɓe maƙoshinsa, kada a kira wanzami ya yanke beli, kada a tsaya a kemis. Ki kai shi asibiti a ranar. Kafin ki fita, ki rubuta a wayarki ranar da ya fara, da wanda yake kwana da shi, da ajinsu na boko da na Islamiyya, da gidajen da yake shiga wasa. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, kuma abin da zai tambaye ki ke nan.

Yau da daddare ki ɗauko katin rigakafin autanki ki duba allurar da ake yi a mako na 6, da na 10, da na 14. Idan akwai gurbin da ba a cike ba, ki kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, kyauta ce, ko da ya girme wa watannin. Ki leƙa ki tambayi maƙwabciyarki nata katin.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu yi maganar ƙyanda.