Kafin Ka Biya Kuɗin "Ful Ofshan", Ɗan'uwa

Zuwa ga 'yan'uwa mazauna Nguru da Gashua da kewaye. 

Yau maganar mota zan yi, kuma ba kowace mota ba, jif sabuwa dal, irin wadda mutum yakan yi shekaru yana tara kuɗinta. Na san a cikinmu masu wannan hali ba su da yawa, amma akwai su: dillalan shanu, masu fataucin riɗi da ƙaro da busasshen kifi, 'yan kwangila, da yaranmu da suka samu manyan ayyuka. Abin da nake gani shi ne, da zarar Allah ya hore wa ɗayanmu, sai ya tafi Kano ko Abuja ya ce a ba shi "ful ofshan", wato ajin da ya fi kowanne kayan alatu. Ra'ayina shi ne, ga mai zama a wannan yanki namu, wannan ajin na ƙoli yawanci shi ne mafi rashin dacewa. Na ƙasa ko na tsakiya ya fi mana, rarar kuɗin kuma akwai inda ya kamata ta tafi.

Bari mu fara da ma'anar ajin nan, don wasu suna ganin haruffan bayan mota ba su san abin da suke nufi ba. Kamfani yakan ƙera mota ɗaya ya fitar da ita hawa-hawa. Land Cruiser 300, wadda Toyota ta fitar a 2021, za ka gan ta da GX, GXR, VX, VXR, da GR Sport. Prado ta da, wadda aka yi daga 2009 har aka maye gurbinta da sabuwa mai lamba 250, an san ta da TX, TX-L, VX da VX-L. Ƙashin motar ɗaya ne, wato cesis ɗin ƙarfen da aka ɗora jikin a kai. Giyar ƙarfi ta fowil, wadda ake sawa idan an shiga yashi ko taɓo, tana nan a dukkansu. Abin da kake ƙara wa kuɗi idan ka hau sama shi ne kujerun fata, rufi mai buɗewa, manyan allunan talabijin, kyamarori, manyan wili masu sheƙi, da shokozoba masu aiki da kwamfuta ko iska ko mai.

To yanzu mu dubi hanyoyinmu. Daga Nguru zuwa Gashua ta Jajimaji kwalta ce, haka zuwa Haɗeja da Kano, haka daga Gashua zuwa Damaturu ta Bayamari da Dapchi. Wanda iyakar tafiyarsa ke nan ba ya buƙatar jif ma, Corolla ta ishe shi. Mai sayen jif da dalili shi ne wanda yake sauka daga kwalta. Idan ya yi arewa, ƙauyukan Machina da Yusufari har zuwa tuddan Tulo-Tulowa, rairayi ne mai laushi da ke haɗiye taya. Idan ya yi kudu, fadamun Haɗeja da Nguru ne, wajen Dagona da Gogaram, inda laka take kama mota kamar danƙo daga Agusta zuwa Oktoba, ga kachalla ta toshe hanyoyin ruwa ta sa yana malala inda ba a zata ba. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Bade da Jakusko ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ba ta bar kowace kafa ba. Wannan ita ce jarrabawar da motar za ta zauna, ba harabar otal a Abuja ba.

Mu ɗauki taya, don a rairayi taya ce mota. Duk direban da ya saba da jigawa ya san cewa kafin ka shiga sai ka rage iska, tayar ta baje ta hau kan yashi maimakon ta tona shi. Wannan dabara tana son taya mai tsawon gefe. A Prado ta da, ƙaramin aji yana zuwa da taya 265/65 a kan wili inci 17, gefenta ya kai santimita 17. Na ƙoli kuwa akwai mai 265/55 a kan inci 19, gefenta bai kai santimita 15 ba. A Land Cruiser 300 ma haka abin yake, inci 18 a ƙasa, inci 20 a sama. Ka rage iska a siririyar tayar nan ka haɗu da kututture ko bakin kwalta da ya zaizaye, sai ta tsage ko wilin ya lanƙwashe. Sannan ina za ka samu madadinta? Lambar 265/65 ta inci 17 ita ce wadda Hilux da yawa suke takawa, don haka ba ta wuyar samu ko a nan kusa. Ta inci 20 kuwa sai an aika Kano, kai kuma kana zaune a gindin kanya kana jira. Ka ga ke nan ka biya kuɗi mai yawa don ka sayi abin da ya fi rauni a hanyarka.

Na biyu, shokozoba. Ƙaramin aji sifirin ne na ƙarfe da shokozoba na gargajiya, wanda kowane bakanike a garejin Nguru zai kwance ya ɗaura kafin la'asar. A manyan aji akwai masu jakar iska a baya, akwai masu bututun mai da famfo da na'urorin da ke auna tsayin mota, irin na Lexus LX. A kwalta daɗinsu ba a magana, kamar kana kan katifa. Amma ranar da jakar ta huje ko famfon ya mutu, motar sai ta durƙushe kamar raƙumi, kuma gyaran yana buƙatar kwamfutar bincike da wanda ya iya karanta ta. Ba raina bakanikenmu nake yi ba, wallahi akwai masu basira ƙwarai. Kayan aikin ne babu, kayan gyaran ma ko a Ƙofar Ruwa ba kullum ake samun na asali ba, wani lokaci sai an yi oda daga Legas ko Dubai. Kano kuma ta fi kilomita 200 daga Nguru, daga Gashua ta fi haka. Ka lissafa kuɗin motar da za ta ɗauki jif a bayanta zuwa can.

Kuma kada a manta da canjin kuɗi. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,500. Duk wani ƙaramin abu na lantarki da ke jikin motar nan da dala ake sayo shi. Fitilar gaba ɗaya ta babban aji, ko gilashin gaba mai kyamara a jikinsa, tsakuwa guda daga tayar tirela ta isa ta jawo maka asarar da za ta sayi buhunan gero masu yawa. Kowace na'ura da aka ƙara bashi ce da za ka biya wata rana.

Na uku, inji da mai. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Saboda haka tambayar girman inji da girman tanki ta fi tambayar yawan lasifika muhimmanci. Misali, Prado ta da mai safaya a ƙofar baya tana da tanki biyu da ke cin lita 150, wadda aka ɓoye safayarta a ƙasa don kyan gani kuwa lita 87 kawai. Mutane da yawa sun zaɓi ta biyun don bayanta ya fi sumul. Duk motar da za ka saya, ka tambayi lita nawa tankinta yake ci. Ka kuma tambayi wace kasuwa aka ƙera wa ita. Motar dizal da aka yi wa Turai ko Ostireliya tana zuwa da matatar hayaƙi, wasu har da tankin wani ruwa da ake kira AdBlue, kuma suna son mai tsaftatacce. Mu kuwa wani lokaci a jarka muke sayen mai a ƙauye. Wadda aka ƙera don Afirka ko ƙasashen Larabawa ta fi jure zafinmu da ƙurarmu da manmu.

Akwai abin lura a nan. Ku dubi ƙungiyoyin agaji da ma'aikatan rigakafi da ke shiga lungunan Yobe da Borno da Diffa, waɗanda aikinsu ke nan kullum. Me suke hawa? Hilux da Land Cruiser 70, samfurin da aka fara tun 1984 kuma ake ƙera shi har yau, mai kujerun da ake gogewa da tsumma, da yawa da injin dizal 1HZ mai lita 4.2 wanda ba ruwansa da tarkacen kwamfuta. Ba rashin kuɗi ya sa suke zaɓarta ba. Sun san cewa motar da za ta dawo da kai gida ita ce mota.

Na san za a ce mini, Malam, ai babban aji ya fi tsaro. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan yi wasa da ita ba. Yawan jakunkunan iska na kariya, na'urar hana mota juyewa a kwana, da wadda ke taka burki da kanta, duk abubuwa ne masu ceton rai, musamman a titin da shanu da raƙuma ke tsallakawa da magariba. Shi ya sa ban ce lalle sai na can ƙasa ba. Idan ƙaramin ajin bai da jakunkunan gefe, ko bai da na'urar sanyi a kujerun baya inda iyali da tsofaffi ke zama, to hau mataki ɗaya. Waɗannan kuɗinsu halal ne. Haka makullin difiransha na baya, wanda ke sa tayoyin biyu su juya tare idan ɗaya ta rasa kamu, ya cancanci a biya. GR Sport ma, ko da yake tana cikin masu tsada, tana da makullin gaba da baya da wili inci 18, don haka tsadarta ta aiki ce. Abin da nake ƙi shi ne biyan miliyoyi don rufin gilashi a garin da rana ke narka kwalta.

Za a kuma ce ai ful ofshan ta fi daraja ranar sayarwa. A Abuja wataƙila. Amma motar da ta yi shekara biyar tana shiga Yusufari, mai saye zai fara duba fitilun gargaɗin da ke ci a gaban direba, kowacce kuma ragi ce. Mai sauƙin kaya kuwa ba ta rasa mai so, don 'yan kasuwar ƙauye da masu kwangila ita suke nema.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma ya shafe mu musamman. Yawancinmu zuwa muka yi. Wasu kakanninsu jirgin ƙasa ya kawo bayan layin dogo daga Kano ya iso Nguru a 1930, zamanin gyaɗa da fatu da ƙaro. Wasu daga Katsina, wasu daga Damagaram, wasu aiki ya kawo su bayan an ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991 ko bayan buɗe Jami'ar Tarayya ta Gashua a 2013. Mangawa da Badawa da Barebari sun karɓe mu, mun yi aure a cikinsu, mun yi arziki a ƙasarsu. Mutumin da ya yi arziki a garin wasu, idanu suna kansa ko ya so ko bai so ba. Babu laifi ka ci halalinka, amma akwai bambanci tsakanin motar da maƙwabci zai iya ƙwanƙwasa maka ƙofa da tsakar dare a kai mai naƙuda Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, da wadda kai kanka kake jin tsoron a ɓata mata farar kujera. Mun san yadda ciwon ƙoda ya addabi Gashua, da yadda iyalai ke jigilar marasa lafiya zuwa wankin ƙoda. Jif a unguwarmu rabinta motar asibiti ce. Sannan halin tsaron yankin nan ba ɓoyayye ba ne, mota mai ɗaukar ido a hanyar daji ba hikima ba ce.

To me zan ce wa wanda ya riga ya haɗa kuɗinsa? Ka zauna ka rubuta hanyoyin da ka bi a shekarar da ta wuce, ba waɗanda kake mafarkin bi ba. Ka tafi da bakanikenka wurin sayen, ka tambaye shi abin da zai iya gyarawa. Kada ka yarda da haruffan bayan mota, don abin da ake kira GXR a wata kasuwa ba lalle ya zo da kayan da GXR ta wata ke da su ba, kuma akwai masu sauya wa tsohuwar mota fuska su ce sabuwa ce. A duba lambar cesis mai haruffa da lambobi 17, a duba takardun kwastan, a tambaya a rubuce wa zai ɗauki garanti kuma a wane gari. Rarar da ka samu daga sauka mataki ɗaya ko biyu, ka sayi tayoyi masu ƙarfin gefe da safaya ta biyu, famfon iska mai aiki da batir, ma'aunin iska, shebur, igiyar ja mai kyau, da matatun iska da na mai na ajiya. Sauran ka ware shi don sabis na shekara biyu. In da hali, ka biya direbanka ya koyi tuƙin rairayi a hannun waɗanda suka tsufa a hanyar Machina.

Hausawa suka ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Allah ya sa wa dukiyarmu albarka, ya tsare mu a hanyoyinmu, ya bar mu lafiya da masu masaukinmu. Wanda yake da wani ra'ayi dabam, ƙofa a buɗe take.