Kyamarar tsaro: a gwada ta da dare kafin a biya

Kyamarorin tsaro sun yawaita a saman ƙofofin gidaje da shagunanmu, kuma ban ga laifin kowa ba, halin da ake ciki ne ya kawo haka. Abin da ke damuna shi ne yadda ake cinikinsu. Da rana tsaka mai shago zai kunna maka, ka ga hoto tangaran, ya ambaci yawan megafiksel, ka biya. Alhali ɓarawo ba da azahar yake zuwa ba.

Yawancin kyamarorin nan suna gani cikin duhu ne da wani haske da idon mutum ba ya gani, shi ya sa hoton dare ke fitowa baƙi da fari. In an rubuta mita 30 a jikin kwali, tazarar da za ka hangi motsi ke nan. Gane fuska kuwa sai mutum ya matso sosai. Wannan haske yana da wata illa: idan aka kafa kyamarar dab da farar katanga ko bakin rufin kwano, sai ya daki bangon ya dawo mata, gefen ya yi fari fat, sauran fili ya yi duhu. Saƙar gizo-gizo da ƙurar hunturu a kan gilashinta ma haka suke yi, don haka tsumma mai laushi na cikin kayan aikin tsaro. Masu nuna launi da dare, irin su ColorVu na kamfanin Hikvision, suna son ɗan haske a kusa, kuma ƙwan lantarki ɗaya a ƙofar gida kan gyara hoto fiye da ƙarin kuɗi.

Tsayi kuma kada ya wuce kamar mita 3. Wanda ya kai ta ƙololuwar bene don gudun a cire ta, hular ɓarawo kawai zai samu. A duba alamar IP66 saboda ruwa da ƙura.

Babbar matsalarmu dai wuta ce. Da zarar an ɗauke ta, kyamara da na'urar adana hotuna sun yi barci tare da maigida. A ganina kyamara 2 masu batir ko sola sun fi 8 da ke jiran NEPA. Ita na'urar a ɓoye ta, kada a ajiye ta a falo inda za a sungume ta tare da talabijin, a kuma sauya lambar sirrin da ta zo da ita.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci, wanda masu kafawa ba su cika tunawa ba. Kyamarar da ke saman bene tana iya leƙa tsakar gidan da mata ke harkokinsu ba mayafi, hoton kuma yana zuwa wayar wani. Yawancin na'urorin suna da hanyar rufe wani sashe na hoton da baƙi. Ka sa a yi maka, sannan ka kira maƙwabcin bayan sallar isha'i, ka nuna masa allon ya gani da idonsa.